Man ɗaɗɗoya ba ruwan ɗaɗɗoya ba ne, a ja kunnen jama'a

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Na saurari shirinku na lafiya inda baƙonku ya yi bayanin man da ake tatsa daga ganyen ɗaɗɗoya, wadda Asantawa ke ce wa nunum, cewa yana rage kumburi kuma yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Gaskiya na ji daɗi, don mu nan Aboabo tun muna yara in ciki ya murɗa ita kakarmu ke tsinkowa a bayan gida ta dafa mana, wani lokaci har da kimba. Amma akwai inda aka bar maganar a buɗe, shi ya sa na rubuto.

Shi gwajin da ake dogara da shi a ce man yana kare ƙwayoyin jiki, yawanci a kwalba ake yinsa. Akwai wani ruwa mai launin shuni da suke kira DPPH, a ɗiga man a ciki, in ya koma rawaya sai a ce yana da ƙarfi. Na kumburin kuma ɓera ake wa allura a ƙafa ta kumbura sannan a ba shi man a auna ko ta saɓe. To dan Allah ɓera mutum ne? Mataki ne mai kyau, ban raina ba, amma tsakaninsa da a ce wa mai ciwon gwiwa sha cokali safe da yamma akwai tafiya mai nisa.

Sannan man nan da tururi ake fitar da shi, ganye tuli guda ɗan kaɗan yake bayarwa, kenan ƙarfin duk ganyen ne ya taru a ɗigo. Sinadaran cikinsa irin su timol da yujinol, shi yujinol ɗin ne ke cikin kanumfari yake sa dasashi ya mutu in an tauna, suna ƙona fata in ba a surka ba. Goggona wani mai talla a cikin trotro, motar haya, ya sayar mata da ƴar kwalba ba suna ba lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, wai maganin sanyi da hawan jini da basir duk a haɗe, ta shafa zalla a gwiwa wallahi sai da wurin ya yi bororo, kuɗin asibiti ya ninka na kwalbar.

Muna da masana a gida fa. Cibiyar binciken maganin itatuwa ta Mampong Akuapem tana nan tun 1975, ga jami'ar KNUST a ƙofarmu nan Kumasi suna koyar da maganin gargajiya har digiri. Ku gayyato ɗaya daga cikinsu ya faɗa mana da Hausa, ko a sa tafinta, ɗigo nawa ake sawa a man kaɗanya kafin a shafa, kuma mai ciki da yara su taɓa ko kar su taɓa.

A gaida ma'aikata duka.

Naku mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi