Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Yaɗa Labarai na Jihar Kano: wanda ya faɗa a fili ya gyara a fili

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai ƙaramin kemis ne a Gwammaja, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a idona ya faru.

Akwai wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyata, da ta yi shekaru tana sayen maganin suga a wurina. Duk ƙarshen wata jikanta ke zuwa da takardar asibiti. Sai na ji shiru har wata biyu. Da na shiga gaishe ta, na tarar ƙafarta a kumbure, babban yatsa ya fara baƙi, ga kwanon ruwan shuwaka a gindin gado. Ta ce ai wane ne ya faɗa a talabijin cewa duk wanda ya sha kwana arba'in ya rabu da suga, ba sai ƙwaya ba. Da na ce ba haka ba ne, sai ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan, mutumin da duk Kano ke kallo zai yi mana ƙarya ne?"

Ban ce ya yi ƙarya da gangan ba. Wataƙila shi ma ji ya yi. Abin da ya ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Likitoci da masu harhaɗa magani sun yi masa bayani a Facebook, wasu cikin ladabi ƙwarai. Sai ya goge bidiyon, ya toshe masu magana, mako na zagayowa ya dawo shirinsa bai ce uffan ba. To amma magana zarar bunu ce. Guntun bidiyon har yau yana yawo a WhatsApp, daga zauren matan unguwa zuwa na dangi, kuma dattijuwar nan ba ta da Facebook ballantana ta san an goge wani abu.

Ranka ya daɗe, Kano ta san kuɗin jita-jita. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan saboda maganar da ba ta tabbata ba, sai a 2004 aka ci gaba, kuma sai 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. A 2014, lokacin Ebola, saƙon waya kaɗai ya tashi mutane da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka. Wancan saƙo ba shi da fuska. Ina ga wanda fuskar da ake ƙauna ta faɗa, mai zuwa falon mutum kowane dare?

Ba kamu nake roƙo ba, ba kuma rufe shiri ba. In aka mai da kuskure laifin da ke kai mutum ofishin 'yan sanda, babu wanda zai ƙara amsa nasa, kowa musu zai yi har ƙarshe. Roƙona ya fi wannan sauƙi, kuma yana hannunka. Tashar talabijin ta jiha, ARTV, wadda marigayi Abubakar Rimi ya kafa da sunan CTV, da Rediyon Kano, duk a ƙarƙashin ma'aikatarka suke. A fara daga gida. Duk mai gabatarwa ko baƙon da ya faɗi abin da aka tabbatar ba daidai ba ne, a gyara a cikin shirin da aka faɗa, a lokacin da aka saba kallonsa, da bakin wanda ya faɗa. A intanet kuma kada a goge a yi shiru, a manna gyaran a saman shafi, a yi shi gajeren bidiyo da zai iya bin sawun na farko cikin WhatsApp. Ƙa'idar NBC, hukumar da ke kula da tashoshin rediyo da talabijin ta ƙasa, ma ta tanadi gyara da ba wanda aka taɓa damar mai da martani, sai dai sau nawa muka ji an yi? In tashar gwamnati ta saba da haka, ka samu bakin zama da shugabannin tashoshi masu zaman kansu ka ce ga yadda muke yi. Shirin lafiya kuwa, don Allah, kada a sake shi sai wani likita ya saurara. Muna da su a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, ba nisa.

Mu masu kallo ma akwai namu. Na karanta abin da aka rubuta a ƙasan bidiyon nan kafin a goge. Cikin masu kawo hujja akwai masu zagin iyayensa, da masu tono aurensa da ya mutu. Da irin wannan ne mai kuskure ke samun mafaka, ya ce mahassada ne, magoya bayansa su taso, maganar shuwaka ta ɓace a cikin ƙura. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamanmu suna karantar da mu cewa Imamu Malik, duk da iliminsa, ya sha amsa tambaya da "ban sani ba", kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ranar da wani fitacce ya fito ya ce "na yi kuskure, ga daidai", ya kamata ma'aikatarka ta yaba masa a bainar jama'a, don na baya su ga ba a mutuwa.

Dattijuwar tana kwance a asibiti yanzu, an yanke yatsan, likita ya ce ana sa ran ƙafar za ta tsira. Ta koma kan maganinta. Amma jiya da na kai mata abinci ta sake tambayata ko wane ya janye maganarsa, don ita har yanzu daga bakinsa take jira ta ji.

Na gode da sauraro, Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Mai kemis daga Gwammaja, Kano