Zuwa ga ɗana da ke Ƙauran Namoda

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu nan Tawa sai godiya.

Ƙanen innarka ya ce mini yanzu ka kama sana'ar gwangwan, har ka sayi sikelinka. Allah ya sa albarka, neman halal ba ya da ƙasƙanci. Magana guda nake so ka riƙe da kyau: duk wanda ya kawo maka ƙarfen dogo, ko kusoshinsa, ko kwanon rufin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, kada ka ɗora shi a sikelinka, ko da kyauta ne. Kayan hukuma ne, kuma ranar da aka zo kame, baƙo ɗan Nijar za a fara damƙa, ɓarawon kuwa yana gidansu yana barci.

Amma ba tsoron ɗan sanda kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tashar nan da kake wucewa ta gabanta, mu ma muna da rabo a cikinta. Dogo ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura a 1929. Nan ne ƙarshensa. Saboda gyaɗa da auduga Turawa suka yi wannan aiki, ba don son mu ba, sai dai talaka ma ya ci moriya. Mutanen Adar da Gobir kan gangara cin rani, wasu a ƙafa, wasu bisa jaki, in sun kai Ƙaura su shiga tarago sai Zariya, daga can wanda ke da ƙarfin hali ya zarce har Ikko. Kakanka ya yi dako a wurin. Har ya tsufa akwai kanta a bayan wuyansa inda buhu ke zama.

Mu a Nijar ba mu samu irin wannan ba. Dogon Faransa da ya taso daga Kwatano ya tsaya Parakou a 1936, sauran tafiyar sai a mota. An buɗe tasha a Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo har Doso, kilomita wajen 140, amma jirgin bai zama abin hawan jama'a ba. Kullum na je Yamai na ga ginin sai raina ya sosu.

To, ga aikin da zan ba ka. Ran Juma'a bayan masallaci, ka nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe, ba za a rasa su a unguwannin da ke kusa da tasha ba. Ka tafi da goro, ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaye su yadda ake juya kan jirgi tunda hanya ta ƙare, da inda ake ba shi ruwa, da wurin da ake jibge buhuna. Ka ɗauki muryarsu a waya in sun yarda. Ka ɗauki hoton allon sunan tasha da tagar sayar da tikiti, amma sai ka nemi izinin mai gadi. Ka aiko wa ƙanwarka ta WhatsApp, ita za ta nuna mini.

Kuma ban yarda ka bi hanyar Gusau da yamma ba, ka san halin da ake ciki. Innarka na gaishe ka, ta ce kilishin da ta aiko ka raba da maigidanka.

Naka,
Babanka