Wasiƙa zuwa ga Tanko a kan haƙoran Baba

Aboabo, Kumasi

Aminina Malam Tanko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma sanyin Bronx bai hana ka fita sallar asuba ba, ko da yake a nan ma da babu sanyin ba mu san ka da sahun farko ba.

Sau uku ke nan kana tambayata nawa ne kuɗin gyaran bakin Baba domin ka turo naka kason, ni kuwa na yi shiru har mako bakwai. Ba raini ba ne. Dalili shi ne takardun farashi uku ne a gabana, mafi tsada ta ninka mafi araha fiye da sau biyar, kuma sai da na sha wahala kafin na gane cewa ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Magana ce da ba za ta shiga saƙon murya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Haƙora tara suka rage wa Baba, biyar daga ciki suna girgiɗi, saboda ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da su. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaure huhun goro, yau sai an goga masa goro a magogi kafin ya ɗanɗana. Da Sallar Layya, shi ya saya rago, shi ya yanka, amma romo kawai ya sha, yana kallon jikoki suna cin suya. Haƙorin Makka kuwa na nan tsaye daram, kuma ya riga ya gargaɗe mu cewa duk likitan da ya taɓa shi za su haɗu a lahira. Katin inshorar lafiya na ƙasa yana biyan cire haƙori da ciko mai sauƙi, amma haƙoran roba ma ba sa ciki, balle dashe, don haka komai daga aljihu zai fito.

Da farko na yi irin kuskuren da kusan kowa ke yi. Na ji kuɗin dashen haƙori ɗaya, na ninka shi sau 28, na ce wa Inna a manta da zancen. Ashe ba haka ake yi ba. Abin da ake dasawa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom mai zare irin na noti, wadda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta zauna a matsayin saiwa. Ba kowane haƙori ke buƙatar tasa ƙusar ba. Ƙusoshi huɗu ko shida suna iya ɗaukar jerin haƙora goma sha biyu da aka ƙera a haɗe, kamar yadda ginshiƙai kaɗan ke ɗaukar rumfa. Tsarin ƙusa huɗun, wanda ake tallarsa da sunan All-on-4, wani likitan Lisbon mai suna Paulo Maló ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990: biyu a gaba a miƙe, biyu a baya a karkace domin su kama inda ƙashi ya fi kauri. Bayan an dasa, sai a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya manne da ƙarfen, na ƙasa ya fi saurin kamawa saboda ya fi na sama tauri. A wannan zaman jira haƙoran wucin gadi ake ɗora wa mutum, sai daga baya a ƙera na dindindin. Ka riƙe wannan, domin a nan ne yawancin kuɗin ke ɓuya.

Takarda ta farko daga Santambul ta zo, ta hannun wani dillali da Fuseini ya samo a Facebook. Dala 7,000 sama da ƙasa, har da otal da motar ɗauko mu daga filin jirgi. Fuseini ya fara neman fasfon Baba tun a daren. Ni kuwa na tuna da irin cinikin da ka yi mana na injin niƙa, sai na zauna na jera wa mutumin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya bayyana cewa kuɗin na zuwan farko ne kawai, wato ƙusoshi da haƙoran wucin gadi. Na dindindin sai an koma bayan wata huɗu, kuma kuɗinsu daban. Cire haƙoran da suka rage, kowanne da kuɗinsa. Idan hoto ya nuna ƙashi ya yi siriri, ƙarin ƙashi ma daban, kuma sun ce ba za su san wannan ba sai mun iso, alhali a lokacin mun riga mun sayi tikiti mun ba da kafin alƙalami, ba mu da bakin cewa albarka. Baba ba zai yi tafiya shi kaɗai ba, saboda haka zuwa biyu na mutum biyu tikiti huɗu ne daga Ghana, ban da biza da abinci da ranakun da zan rufe shago. Da na tara komai a farashin wannan makon, abin ya doshi dala 14,000, ninki biyu na abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe.

Ban ce likitocin can ba su iya aiki ba. Akwai ƙwararru a cikinsu, kuma arahar tasu tana da dalili, tunda albashi da hayar gini ba su kai na Amurka ba, ga yawan masu zuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne garantin da suka ce na har abada ne. Na tambaya idan noti ya kwance ko haƙori ya tsage muna Kumasi fa, sai aka ce mu kawo shi a gyara kyauta. Kyautar da sai ka sayi tikitin jirgi kafin ka karɓe ta, kai ma ka san sunanta.

Takarda ta biyu daga Ankara take, Ankararmu ta bakin teku, babban birnin Ghana, ba ta Turkiyya ba. Sai da na fayyace wa Inna haka, don ta fara kuka tana cewa za a kai tsoho ƙasar waje. Mun shiga mota tun asuba, Baba yana ƙorafin hanya tun daga Konongo har muka sauka. Asibiti ne mai zaman kansa, tsaf-tsaf, kuma sun ɗauki hoton ƙashi mai nuna kauri da zurfi ta kowace fuska kafin su rubuta ko kwabo, abin da ya sa na fara ganin girmansu. Suka rubuta dala 18,000. Baba ya ce a faɗa masa da tsohon kuɗi, don har yau bai yarda da sauyin kuɗi na 2007 ba, sidi ɗari miliyan ɗaya yake kiransa. Da na lissafa masa ya ji abin ya haura biliyan, sai ya nemi sandarsa. Amma takardar nan ta ƙunshi kusan komai: cire haƙora, ƙusa huɗu a ƙasa da shida a sama, haƙoran wucin gadi, na dindindin, da zuwa dubiya na shekara guda. Har da aikin da na ji sunansa a ranar karo na farko. Ashe a cikin ƙashin kumatu, gefen hanci, akwai kogo, kuma idan turamen sama sun daɗe da fita, ƙashin da ke ƙarƙashin kogon yakan zaizaye har ƙusa ta rasa wurin zama. Sai an ɗaga fatar kogon an cusa garin ƙashi, a jira ya ƙanƙare. Na Baba haka yake a gefen dama, ma'ana wannan kuɗin yana jiranmu a Santambul ma, ba a dai faɗa ba.

Da dala suka rubuta saboda ƙusoshin da kayan haɗinsu daga waje ake shigo da su, kuma babu wanda ya manta da 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi shida ta ninka cikin shekara guda, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Ko a nan ma akwai hawa-hawa. Ƙusar kamfanin Straumann na Suwizalan ko ta Nobel Biocare ta fi ta Osstem ta Koriya ta Kudu tsada, kuma haƙoran zakoniya, wani farin tangaran mai tauri, sun fi na roba mai ƙarfe a ciki tsada nesa ba kusa ba, ko da yake na robar sun fi sauƙin gyara idan sun fashe, sai dai suna cinyewa da daɗewa. Abin da ban sani ba a da shi ne kowane kamfani da irin notinsa da irin makullinsa. Ka tuna motarka da ta yi wata takwas a wurin makanikan Suame Magazine saboda an rasa kayanta a duk faɗin Ghana? To, haka bakin mutum zai iya zama idan aka dasa masa abin da babu likitan da ke da makullinsa a kusa. Dillalin Santambul, da na tambaye shi sunan kamfani, cewa ya yi na Jamus ne mai kyau, bai ƙara komai ba.

Ka ce abokin aikinka ya biya dala 25,000 a muƙamuƙi ɗaya a can, don haka duk abin da na faɗa zai yi maka kama da araha. Kada ka auna da wannan. Ka auna da cewa kuɗin Ankara zai biya wa Mariama makaranta har ta gama, ya kuma sake rufin gidan Sawaba da ke yoyo tun kana nan.

Takarda ta uku ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ta zo da maganar da ba mu so ji ba. Wata likita ce a nan Kumasi, wadda wata ma'aikaciyar jinya da muka sani a Gee, babban asibitin Komfo Anokye, ta nuna mana, kuma na duba na tabbatar tana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Kafin ta taɓa zancen kuɗi sai ta tambayi sugan Baba. Ta sa aka yi gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na wata uku, ba irin na tsinken yatsa da Baba ke yi wa dabara da ƙin cin abinci ba, sakamakon kuwa bai yi kyau ba. Ta ce idan suga bai daidaita ba rauni ba ya saurin warkewa, kuma ƙwayoyin cutar da suka cinye ƙashin haƙoransa na asali suna iya cinye wanda ke kewaye da ƙusa, ta yi girgiɗi ta fita da kuɗinmu. Ta tambayi taba, muka ce ba ya sha, sai Inna ta tona asirin garin tabar da yake cusawa a leɓe. Ka ga fuskarsa a lokacin.

Shawararta ita ce a dasa ƙusa biyu kawai a gaban muƙamuƙin ƙasa, a yi masa haƙoran roba masu maɓalli a ciki waɗanda ke ɗafewa a kan ƙusoshin, ya riƙa cirewa da dare yana wankewa. A sama kuwa haƙoran roba na gama-gari, tunda ganɗa tana riƙe su, na ƙasa ne ke yawo saboda harshe. Kuɗin ya yi daidai da dala 3,500 a canjin ranar, kuma farashin takardar wata ɗaya kawai zai yi aiki. Ba ta ɓoye mana cewa ba za su kai kafaffun ƙarfin tauna ba, kuma robobin maɓallin suna saki, sai an riƙa canza su. Amma wankinsu ya fi sauƙi ga tsohon da hannunsa ke rawa, gyaransu kuma tafiyar tasi ɗaya ce daga Aboabo. A ganina wannan ne aikin da ya dace da Baba da aljihunmu, ko da Fuseini na cewa rowa ce nake yi wa mahaifina.

Baban da kansa ba kuɗin ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa ƙarfe zai yi tsatsa a jikinsa, kuma ya za a yi ranar da za a kai shi makwanci. Likitar ta ba shi labarin Brånemark, likitan Suwidin da ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da titaniyom har ya ƙi rabuwa, da mutumin farko da ya dasa wa a birnin Gotenbag a 1965, wanda ya rayu da ƙusoshinsa shekara arba'in. Baba ya ce shi ba zomo ba ne. Sai da Liman ya kawo masa hadisin sahabin nan Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, sannan ya sauko. Sharaɗinsa ɗaya ya rage, haƙorin Makka. Likitar ta duba ta ce saiwarsa ma ta tafi, amma za a ba shi abinsa a hannu, shi kuwa ya ce zai yi tunani, ka kuwa san tunanin Baba.

Yanzu dai an ba shi wata uku ya gyara suga, an hana shi madara mai kauri a koko, an kuma ɓoye garin tabar, ko da yake ina zargin Alhaji Ɗanjuma yana kawo masa a aljihun babbar riga idan sun zauna bayan la'asar. Idan gwaji na biyu ya yi kyau za a fara cire haƙoran. Ka kira shi ranar Juma'a ka yi masa faɗa a kan tabar, don maganarka yake ji fiye da tawa tun da ka aiko masa da agogon nan. Kada ka ambaci Santambul, Fuseini bai haƙura ba tukuna.

Inna tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Awudu