A San Gam Kafin a Shafa wa Takarda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini saboda wata ɓarna da muke gani a garuruwanmu, daga Mai Wurno har Gadarif: ana gyaran tsofaffin littattafai, har da Alƙur'anai rubutun hannun kakanni, da duk gam ɗin da hannu ya kai gare shi. Alhali kowane gam da halinsa.

Farin gam na kanti, wanda ake rubuta PVA a jikin robarsa, ƙananan ƙwayoyin roba ne da ke yawo cikin ruwa. Ruwan na ƙafewa sai ƙwayoyin su haɗe su zama fata mai garai-garai. Yana da kyau ga aikin hannu na yara da kwali. Amma in ya daɗe da bushewa ruwa ba ya narkar da shi, ba kuwa a ɓamɓare shi sai da naman takardar. Yana kuma yin laushi a zafin bazarar Sudan, shafuka su manne wa juna, sannan da shekaru yana fitar da tsami irin na ruwan khal, wanda ke cin takarda. Kada ya kusanci tsohon rubutu.

Ƙaro namu ne, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Na dakwara, wanda Larabawa ke kira hashab, ya fi na bishiyar da suke kira talha. Asalinsa dogayen sarƙoƙin sukari ne haɗe da ɗan furotin da gishirin kalsiyam, magnisiyam da fotasiyam, shi ya sa yake narkewa ko a ruwan sanyi. A jiƙa awo 1 na dakakken ƙaro a awo 2 na ruwa mai ɗumi, ya kwana, a tace da ƙyalle. Aibinsa biyu ne. In ya bushe yana tsagewa, don haka a ɗiga masa gilisarin kaɗan. Damshin damina kuma yana sake jiƙa shi. Kuma a tuna tawadar malamai da ƙaro ake haɗa ta, saboda haka gam mai ruwa-ruwa yana iya kwashe rubutun.

Don ɗinke yagaggen shafi, kokon sitacin alkama muka fi amincewa da shi, domin ko bayan shekaru ɗan damshi zai sake shi. Awo 1 na sitaci, awo 5 na ruwan sanyi, a dama, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Wajen digiri 60 zuwa 70 zai fara kauri. A ci gaba da juyawa minti 20 har farinsa ya gushe ya yi sheƙi. In an sauke da wuri ba ya kamu. A guji fulawa, furotin ɗinta na kiran ƙwari. Cikin kwana 2 ko 3 yake yin tsami da fumfuna, sai a dafa daidai buƙata.

Gane gam ɗin da ba shi da suna ba wuya. A ɗiga aidin na wanke ciwo a kan ɗan kaɗan: in ya koma shuɗi mai duhu, akwai sitaci. A zuba sifirit a narkakken ƙaro, zai yi farin gajimare. In aka busar da ɗigo a kan gilashi, PVA zai ɗago kamar leda, ƙaro kuwa ya farfashe. Wanda ke warin kaushi mai hawa kai, ba na yara ba ne, kuma yana kama wuta.

Ko wanne aka zaɓa, a shafa siriri, domin ruwa ne ke kumbura zaren takarda ta yamutse. A sa farar takarda sama da ƙasa, a danne da allo da abu mai nauyi har kwana ɗaya.

Wassalam.

Wasu masu ɗaurin littattafai,
Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan