A riƙa nuna wa mai karatu lokaci da agogon inda yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ba ni fili in ja hankalin masu kula da shafukan labaran Hausa na intanet game da lokacin da ake maƙalawa a saman kowane labari. Da yawa daga cikinsu suna nuna lokacin sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda sau da yawa an saita ta ne a kan agogon GMT, kuma ba a gaya wa mai karatu agogon ina ake nufi ba.

Masu karanta Hausa ba agogo ɗaya suke bi ba. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa 1, Ghana tana kansa daidai, Sudan tana gaba da awa 2 tun shekarar 2017, Saudiyya kuwa da awa 3. Saboda haka labarin da sabar ta rubuta wa ƙarfe 11:30 na dare, a Kano ya fito ne ƙarfe 12:30, bayan kwanan wata ya riga ya canza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a daren da ake dakon sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kan ganin wata, domin wanda ya karanta kalmar "gobe" a cikin labarin yana bukatar ya tabbatar wace rana ce.

Gyaran ba shi da wahala. A adana lokacin a ma'ajiyar shafin bisa agogon GMT, sannan a bar manhajar da mai karatu ya buɗe shafin da ita ta juya shi zuwa agogon wayarsa ko kwamfutarsa, aikin da 'yan layukan JavaScript, wato yaren da ake rubuta umarni ga shafukan intanet da shi, ke iya yi. Ƙara awa guda da hannu ba zai wadatar ba, tun da Ingila, inda Hausawa da dama ke zaune, tana sauya agogonta a watan Maris da na Oktoba kowace shekara.

Sai dai lokutan salla da na buɗa-baki suna ɗaure ne da garin da aka lissafa wa, don haka bai kamata a juya su ba. A rubuta sunan garin a gefensu ƙarara, kamar yadda gidajen rediyo suka saba cewa "agogon Najeriya da Nijar" kafin su ambaci lokacin shiri.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Wani mai karatu daga Katsina