A shirya wa yara karatu da motsa jiki a laburare kafin dogon hutu ya zo

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da masu kula da ɗakunan karatu na gwamnati, musamman a nan Kano, game da dogon hutun makarantu da yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Na ga ya dace in rubuto tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni malamin firamare ne, na fi shekara 20 ina riƙe da alli, kuma abin da nake tararwa duk ranar komawa makaranta bai cika sauyawa ba. Yaron aji uku da na sallama a Yuli yana karanta jimla babu gargada, sai ya dawo yana bin baƙi da yatsa kamar bai taɓa wucewa ta wurin ba. A makon farko kuma ba a rasa bencin da babu mai shi, in ka tambaya a ce yana kwance da zazzaɓi. Bara wani yaro ya ja ni gefe bayan an tashi, yana sunkuyar da kai, ya ce jini yake gani a ƙarshen fitsarinsa, amma abokansa sun ce masa alamar zama namiji ce. Tsargiya ce, ya ɗebo ta a kududdufin bayan unguwarsu inda suka kwashe hutun suna iyo. Yaron ya iya karatu daidai gwargwado, sai dai babu wanda ya taɓa miƙa masa ko shafi ɗaya da ke bayanin cewa ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗin da ke cikin ruwan, ta huda fata ta shige, kuma akwai maganinta a asibiti.

A Amurka laburaren gari sun fi shekara 100 suna shirya wa yara karatun hutu, kuma a 2016 gamayyar da ke zaɓa wa laburare da yawa na ƙasar jigon shekara ta ɗora shirin gaba ɗaya a kan wasanni da lafiyar jiki. Tun kafin nan, a 2007, wata mata mai suna Anne Ferguson a jihar Vermont ta ɓullo da dabarar da ake kira StoryWalk: a warware littafin yara shafi-shafi, a rufe kowane shafi da leda, a kafa su a jere a bakin hanya, ta yadda yaro ba zai san ƙarshen labari ba sai ya taka zuwa ƙarshen hanyar. Dabarar ta burge ni saboda arharta. Amma ina jan kunnen duk wanda zai kwafo jadawalinsu daga intanet ya liƙa a bango, domin hutunsu yana faɗowa ne a lokacin da suka fita daga sanyi suna marmarin rana, namu kuwa yana faɗowa a tsakiyar damina, a watan Agusta da ya fi kowane wata ruwa a Kano, lokacin sauro da amai da gudawa, lokacin da hukumar kashe gobara ke yawan sanar da ciro gawar yaro daga kududdufi. Shirin da zai amfane mu sai an ɗinka shi daidai da wannan yanayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun motsa jiki mai sa haki na aƙalla minti 60 a rana. Iyayenmu ba su san wannan ƙididdiga ba, amma dandali yana cika ta har da ƙari. Yau an yanka filayen unguwanni an yi shaguna, yaron birni ko dai yana ɗaki da wayar mahaifiyarsa, ko yana gidan kallo, ko kuwa yana bakin kududdufi. Laburare yana daga cikin 'yan wuraren gwamnati da suka rage masu katanga da mai gadi da harabar da za a iya zana fili da toka. Na shiga wani daga cikinsu, wanda ba zan ambaci sunansa ba, a wani Agusta da ya wuce: masu shirin jarrabawa sun watse, kujeru sun yi ƙura, sashen yara yana kulle da kwaɗo, harabar kuwa ciyawa ta kai gwiwa. Wata ɗaya da rabi wurin yana zaman banza, alhali yaran unguwar suna ƙwallo a kan kwalta a bayan katangarsa.

Shawarata ita ce a riƙa tara yara a laburare a cikin hutun, kowace haɗuwa ta kasu biyu, rabi a kan tabarma da takarda, rabi a waje, kuma abin da aka karanta shi za a fita a gani da ido. Idan an karanta yadda macen sauro ke yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, da yadda ƙwan ke zama sauro mai tashi cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a fita da kwalabe a zagaya harabar, a ɗebo ruwan kwatami a ɗaga shi a rana, yara su ga 'ya'yan sauron suna wutsil-wutsil, sannan su kwaso ƙasa su cike gurbin da hannunsu. Yaron da ya yi wannan ba sai an yi masa wa'azi a kan gidan sauro ba, kuma shi ne zai tuna wa mahaifiyarsa cewa ƙaninsa bai sha kashi na biyu da na uku na maganin rigakafin zazzaɓin da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5 gida-gida kowane wata a damina ba. Haka nan za a iya gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ya nuna yadda ake kaɗa ƙunshin gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, bayan yara sun karanta bayanin da ke jikin takardar da bakinsu.

Game da wasa kuwa, ba mu da bukatar sayen kayan waje. Langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa, amma na tabbata a ajina yaran da suka san ƙa'idarta ba su kai biyar ba. A tura kowane yaro gida ya tambayi kakansa ko kakarsa yadda ake langa da 'yar gala-gala da carafke, ya rubuto da Hausa, ya karanta a gaban 'yan'uwansa, a yi gardama a kan wanda ya fi daidai, sannan a fita a buga. A ƙarshen hutu a tattara rubuce-rubucen a ɗinke su, a ajiye a kan kanta da sunayen yaran a jiki. Littattafan yara na Hausa a kan lafiya da wasanni sun yi ƙaranci, wannan kuwa hanya ce ta fara samar da su ba tare da jiran kowa ba. Mako na ƙarshe a karanta tarihin Dala da Barbushe, a hau dutsen da sassafe ana ƙirga matakala, daga sama a nuna wa yara Goron Dutse da hasumiyar masallacin Juma'a na cikin gari da abin da ya rage na ganuwa.

Wurin da irin wannan shiri yakan faɗi shi ne zaɓen lokaci. Mafi yawan yaranmu suna zuwa Islamiyya ko makarantar allo a cikin hutu, wasu suna lesin, na karkara kuma suna gona, saboda haka wanda ya sa shirinsa kullum da safe zai zauna shi kaɗai. Alhamis ce ranar da ta fi dacewa, tunda galibin makarantun addini suna hutu a ranar, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma hadarin yamma ya haɗu. Idan aka ji tsawa a koma ƙarƙashin rufi nan take, kada a fake a gindin bishiya. 'Yan mata kuma sai an ware musu malamai mata da gefen harabar da ba a hangowa daga titi, in ba haka ba iyaye ba za su sake su ba, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wannan yana bukatar a fara zama da mai unguwa da limami da malaman Islamiyya tun kafin a rufe makarantu.

Na san za a ce babu kuɗi. Abin da na lissafa bai wuce igiya da alli da ƙwallo da tabarmi da ruwan sha da sabulu da kuɗin hoton takardu ba, kuma akwai malaman motsa jiki da masu yi wa ƙasa hidima da ke zaune babu aiki a wannan lokaci. Ina kira ga Hukumar Laburare ta Jihar Kano da ta gwada shi bana, ko da a Laburaren Murtala Muhammad da reshe ɗaya na ƙaramar hukuma ne, na Alhamis shida kawai, a ba kowane yaro kati ana yi masa alamar shafukan da ya karanta da ranakun da ya yi wasa, domin a samu abin dubawa kafin baɗi. Idan an buɗe rajistar masu taimakawa, ni da abokan aikina biyu a shirye muke mu zo da igiyoyin tsalle na makarantarmu, in shugabanmu ya amince.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin firamare,
Gwale, Kano.