Barka da Sallah daga tsakiyar teku

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga Inna da Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke lafiya. Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu. Auta, na san ke za ki karanta musu takardar nan, to ki karanta a tsanake, ban da tsallake layi.

Sallar bana a kan ruwa ta riske mu. Hutun asibitin da nake aiki tun da watanni ake rubuta shi, ba a san ranar da wata zai tsaya ba, shi ya sa ta faɗo mana muna cikin tafiyar yawon buɗe ido a jirgin ruwa da maigidan ya daɗe yana yi mini alkawari. Daga Southampton muka tashi, a kudancin Ingila, tashar da jirgin ruwan Titanic ya baro a 1912 kafin ya nutse. Inna, kar gabanki ya faɗi. Wancan hatsarin ne ma ya sa ƙasashe suka zauna a 1914 suka tsara dokokin kare rayuka a teku, kuma har yau ana ta ƙara musu ƙarfi. Mun ratsa Tekun Biscay da ke yamma da Faransa, mun tsaya Lisbon, yanzu mun nufi tsibirin Madeira da tsibiran Kanari. A irin wannan tafiya akwai ranakun da jirgi ba ya tsayawa ko'ina, ruwa gaba ruwa baya. Ranar Sallah ɗaya ce daga cikinsu. Da hantsi mu 'yan tsirarun Musulmin da ke ciki muka roƙi aron wani ƙaramin zaure muka yi salla, da la'asar kuma na ja zugar mutane muka shiga ɗaki-ɗaki. Labarin da nake son ba ku ke nan.

A teburin da muke cin abincin dare akwai wata dattijuwa Baturiya, mijinta ya rasu, ta saba da irin wannan tafiya ƙwarai. Ita ta ba mu labarin abin da tsofaffin matafiya kan yi: wasu fasinjoji su yarda su buɗe ƙofofinsu, a taru a zaga ana duba ɗakunan juna. Dalilin shi ne ɗakunan jirgi iri-iri ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba, hotunan talla kuma ana ɗaukarsu ne ta yadda ƙaramin wuri zai zama fili. Wanda ya shiga da ƙafarsa ya gani, in zai sake biya ya san abin da yake saye. Ta ce da gwiwoyinta na da ƙarfi da ita za ta shirya. Kun dai san ni da karambani. Kafin a kawo shayi har na karɓi aikin.

Na fara da ofishin kula da fasinjoji. Suka ce ba su hana ba, amma ba shirinsu ba ne, kuma ba za su ba ni lambar ɗakin kowa ba, sai wanda ya ba ni da bakinsa. Na ga gaskiyarsu. Suka ƙara da cewa kar mu tare hanya, don lungunan da ke tsakanin ɗakuna ƙunci gare su, mutum biyu in sun haɗu sai ɗaya ya karkace. Wannan ne ya sa na ajiye abin bayan azahar. Da safe masu gyaran ɗaki na kan aiki, kekunansu na tawul da zannuwan gado sun cika hanya, kuma ba wanda zai so baƙi su same shi gado a hargitse.

Mutum 8 suka yarda su buɗe ɗakunansu, masu son zagayawa kuwa sun haura 20. Ƙaramin ɗakin jirgi bai wuce murabba'in mita 14 zuwa 16 ba, har da banɗaki a ciki, gado ya cinye fiye da rabi. Mutum biyar in suka tsaya, na shida sai dai ya leƙo daga ƙofa. Sai na raba mu gida uku, kowane rukuni da jagoransa, minti biyar-biyar a kowane ɗaki. A takardar da na raba lambobin ɗakuna kawai na rubuta, babu suna, da muka gama kuma na bi na karɓe kayata na yayyaga. Lambar kanta jagora ce: farkonta na nuna hawan da ɗakin yake, ƙarshenta kuma na nuna ko ɓangaren dama ne ko na hagu. Wani abin dariya, Baba, jirage da yawa ba su da hawa na 13, daga 12 sai 14, saboda camfi. Wasu jiragen da Italiyawa ke tafiyar da su kuma 17 suke tsallakewa, don ita ce lambar da suke ƙi. Mutanen da suka ƙera ƙarfe mai hawa goma sha wani abu yana yawo a kan ruwa, ga su suna tsoron lamba.

Inda na fi shan wahala shi ne ta ina za a fara. Dattijuwar ta ce yadda aka saba, a hau lif sau ɗaya zuwa can sama, sannan a riƙa gangarowa ta matakala, don kar tsofaffi su galabaita kuma kar a tsaya jiran lif da mutum 20. Hujja ce mai kyau. Amma manyan ɗakunan masu kuɗi galibi a sama suke, ƙananan a ƙasa. Ke nan za a fara da mai falo da baho, a ƙare da wanda ko taga ba shi da ita. Duk wanda idonsa ya gama cika da falo, in ya shigo ƙaramin ɗaki, ko bai ce komai ba fuskarsa za ta faɗa. Mai ɗakin kuma yana tsaye yana kallon fuskokin. Akwai wasu mata da miji, tsofaffin malaman makaranta, da suka ce mini shekaru suka yi suna tara kuɗin tafiyar nan, kuma da kyar matar ta yarda a shiga nasu. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi mana karamci ya buɗe ƙofarsa, mu saka masa da jin kunya ba. Na dage a fara daga ƙasa a yi sama. Masu ciwon gwiwa na haɗa su rukuni ɗaya suka riƙa bin lif, sauran muka taka. An ɗan yi gunaguni, amma ko yanzu aka ce in sake shiryawa haka zan yi.

Sauran sharuɗɗan a tsaye na faɗe su kafin mu tashi. Mai ɗaki yana ciki ake shiga. Ba a buɗe kabad ko aljihun tebur, ba a zama a gadon mutane, ba a ɗaukar hoto sai an tambaya. Fasfo da kuɗi da magunguna kowa ya kulle a ɗan akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa, don kar wani abu ya ɓata zumunci ya lalace da zargi. Ba a tambayar mutum nawa ya biya, tun da ɗaki iri ɗaya wani kan same shi da araha wani da tsada, gwargwadon lokacin da ya saya. Wasu sun so kowane mai ɗaki ya ajiye abin sha, har da giya. Na ce a'a, alewa ta isa. Sai kuma aikina ya motsa: na sa kowa ya wanke hannu da sabulu kafin mu fara da bayan mun gama. Akwai ƙwayar cutar amai da gudawa da ke saurin yaɗuwa a jirage, man goge hannun nan bai cika kashe ta ba, sai ruwa da sabulu. Wani da ya ce cikinsa ya ɗan juya da safe, na ba shi haƙuri ya zauna.

Da namu ɗakin aka fara, don kar in sa wasu abin da ban yi ba. Na can ciki ne, ba taga, in an kashe fitila ba ka sanin dare ne ko rana. Abin da ya ɗauke musu hankali kuwa ba ɗakin ba ne, darduma ce da ke shimfiɗe tsakanin gado da ƙofa. Wata ta tambaya yadda muke gane alƙibla alhali jirgi na tafiya. Maigidan ya kunna talabijin ya nuna musu tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, ya ce da ita yake lissafi kafin kowace salla. Suka yi ta jinjina kai. Sannan suka ga mayafaina rataye a bango babu ƙusa. Bangon ƙarfe ne, 'yan maratayai masu maganaɗisu na zo da su na manna. Wani dattijo da ya yi aikin injiniya ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ai ɗakunan nan ba a cikin jirgi ake gina su ba. A masana'anta ake haɗa kowanne kamar akwati, da banɗakinsa da wayoyinsa, a ɗauko da ƙugiya a zura shi a gurbinsa. Ya ce haka ake yi a Turku ta ƙasar Finland, inda aka ƙera katafaren jirgin nan Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Auta, ke mai son lissafi, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Namu bai kama ƙafarsa ba.

A bayan kowace ƙofa akwai taswirar inda mai ɗakin zai nufa in an busa ƙahon gaggawa. Tun bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka: dole a nuna wa fasinja wurin taruwarsa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Mu ma sai da aka nuna mana namu tun muna tasha.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa waɗanda talla ba ta faɗa. Malaman nan, ɗakinsu na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, suka ce ko a Biscay da igiyar ruwa ta tashi barcinsu suka sha. Wata mai ɗaki da taga ta ja labule, sai ga cikin kwale-kwalen ceto ya toshe rabin tagar, teku sai ta ɗan gefe. Wani a can goshin jirgi ya ce duk asubar da za a shiga tasha, ƙarar injinan ɗaure jirgi ke tashinsa. Masu baranda, iska da kallo ba a magana, amma ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin wurin ninkaya yake, tun duku-duku ma'aikata ke jan kujeru a saman kansa. An kuma hana shan taba a barandar. Injiniyan ya tuna mana gobarar jirgin Star Princess a 2006, wadda ta tashi daga baranda, ake kyautata zaton guntun taba ne.

Ɗakin da na fi daɗewa a ciki na wani bawan Allah ne mai keken guragu. Ƙofar ta fi sauran faɗi. Banɗakin ba shi da dakalin nan da ake ɗaga ƙafa a tsallaka, ƙasan a shafe yake har wurin wanka, ga kujera manne da bango ana naɗe ta, ga ƙarafan riƙewa ta ko'ina, ga igiyar da za ka ja in ka faɗi. Har sandar rataye kaya ana jawo ta ƙasa. Ya juya kekensa a tsakiyar ɗakin ya nuna mana bai taɓa komai ba. Ya ce irinsu kaɗan ne a kowane jirgi, sai ka nema tun da wuri. Baba, kai na tuna, da yadda tsallaka dakali ke ba ka wuya tun ciwon ƙafar nan. Na ɗauki hoton ƙarafan da izininsa, zan tura wa Yaya ya gani ko za a samu mai yin irinsu.

Babban ɗakin da muka ƙare da shi kam ya amsa sunansa. Falo daban, ɗakin kwana daban, baho, baranda mai teburin cin abinci, har da ma'aikaci na musamman. Namu zai shiga cikinsa sau uku ko huɗu. Mutane suka yi tsuru-tsuru, ba mai son taka kafet. Sai matar gidan ta nuna mana ƙwayoyin maganin jiri a kan tebur, ta ce kwana biyun Biscay a kwance ta yi su, don can sama kuma gaba nan ne jirgi ya fi tangaɗi. Matar malamin nan da ke jin kunyar ɗakinta ita ta koma tana ba ta shawarar inda za ta nema nan gaba. Ni dai da za a ba ni zaɓi, tsakiya zan nema, hawa na ƙasa-ƙasa, ɗakuna a samana ɗakuna a ƙasana, ko da taga ko babu.

Mai gyara mana ɗaki ɗan Indunisiya ne, Musulmi. Da ya ga darduma tun ranar farko yake mana sallama. Bai samu zuwa sallar safe ba saboda aiki, sai da yamma muka yi wa juna barka a bakin ƙofa, maigidan ya ba shi goron Sallah. Su ɗakunansu na can ƙasa inda ba a barin fasinja ya shiga, bibbiyu suke kwana, kuma watanni suke yi ba su ga gida ba. Ya ce 'yarsa ta fara tafiya yana nan.

Intanet ɗin jirgi tsada gare shi kuma yana yankewa, shi ya sa ban kira da bidiyo ba. In mun sauka Madeira gobe in sha Allahu zan kira bayan la'asar ɗinku, a tara mini yaran Yaya in gan su da kayan Sallarsu. Saƙon da na aiko ta hannun Yaya ina fata ya iso kafin Sallah, a cire na Gwaggo a kai mata. Inna, a ci gaba da shan maganin hawan jinin nan ko da kin ji sauƙi, Auta ki sa ido. Maigidan yana gaishe ku da kyau, ya ce a sa mu a addu'a Allah ya sauke mu lafiya.

Wassalam.

Taku har kullum,
'Yarku